Babi na Shida: Murfin da Ba a Tallarsa

Kamfanin da ya fito da sabuwar kyamara yakan cika jikin kwalin da lambobi: megafiksel kaza, gilashi mai zuƙo abu daga nisa kaza, hoto kaza a daƙiƙa ɗaya. Waɗannan mun bi su a babin da ya gabata. Akwai kuma wani ɓangare da ba ya samun ko layi ɗaya a talla, wato ɗan murfin nan na ƙarƙashi da ake buɗewa a zura batir. Mai saye ba ya tambaya a kansa, mai sayarwa ba ya nunawa. Masu gyara kaɗai suka san darajarsa, domin su ake kai wa gawar. Da yawa daga cikin ƙananan kyamarorin da aka yi yayi a shekarun 2000 ba makancewa suka yi ba, ba kuma ƙwaƙwalwarsu ce ta ƙone ba. Gilashi garau, allo lafiya lau, amma murfin batir ya ƙi zama a rufe saboda wani ɗan haƙorin roba ya ɓalle. Daga nan sai durowa.

Tun asali kyamarar dijital maciyar wuta ce. Wadda Steven Sasson, injiniyan kamfanin Kodak, ya harhaɗa a 1975 a birnin Rochester na Amurka, batura 16 take ɗauka, nauyinta ya kai kilo 3.6, kuma sai ta shafe daƙiƙa 23 kafin ta gama rubuta hoto ɗaya baƙi da fari a kan kaset. Kyamarar fim ta gargajiya tana iya aiki ba batir ko ɗaya, ko kuma da 'yar ƙwaya irin ta agogon hannu da za ta yi watanni. Ita kuwa ta dijital komai nata wuta yake nema: na'urar kama haske, da allon baya, da 'yar motar da ke turo gilashi waje, da filasha. Da Casio ya fito da QV-10 a 1995, wadda ta yaɗa al'adar sa allo a jikin kyamara, batir AA guda huɗu ya ba ta. Nikon ya bi wannan hanya a Coolpix 950 ta 1999, Canon ma ya yi shekaru yana fitar da jerin PowerShot A masu amfani da AA. Hujjarsu mai ƙarfi ce. Batir ne da ake samu ko'ina, daga kantin filin jirgin sama har teburin mai tireda, kuma wanda wuta ta ƙare masa a tsakiyar biki ba sai ya nemi soket ba.

Sai dai wannan sauƙin ba kyauta ya zo ba, kuma murfi ne ya biya. In akwai irin wannan kyamara a gidanku, ɗauko ta ka kifa ta, ka buɗe, ka leƙa. Za ka ga ramuka biyu ko huɗu, kowanne daidai batir mai tsawon milimita 50 da kaurin 14 da ɗoriya. A can ƙasan ramin akwai sifirin, ko wani lanƙwasasshen ƙarfe mai turowa. Yanzu dubi cikin murfin kansa. 'Yan falayen ƙarfen nan masu ƙyalli da aka manna masa ba ado ba ne. Su ke haɗa kan wannan batir da gindin na kusa da shi, ta yadda huɗu masu volt ɗaya da rabi za su taru su ba da volt shida. Wato wutar kyamarar ta cikin murfin take bi. In ya ɗaga ko kaɗan, wuta ta yanke.

Injiniyoyi sun san haka, sun kuma san cewa yankewar wuta ta ƙiftawar ido a lokacin da ake rubuta hoto a katin memori tana iya lalata hoton, wani lokaci har ta hargitsa abin da ke cikin katin. Don haka suka ƙarfafa sifirin, don kada batir ya motsa. To amma sifirin da ke tura batir, a kan wa ƙarfinsa yake ƙarewa? A kan murfi. Shi kuma murfin, me ke riƙe da shi? Haƙora biyu ko uku na roba, masu shiga wasu 'yan ramuka a bakin ɗakin batir, sai hinji a ɗaya gefen. An ɗora wa abu ɗaya aiki uku ke nan: ya rufe, ya ɗauki wuta, ya kuma danne batura. Na ukun nan shi ne ajalinsa. Ko kyamara a kashe take, ko tana ajiye a jaka wata shida, sifirin bai daina turi ba. Abin kamar ƙyauren ɗakin da aka jingina wa buhunan hatsi daga ciki ne, ko ba wanda ya taɓa shi, sakatar tana shan wuya.

Roba kuwa tana da hali. In aka ɗora mata nauyi aka bar shi a kanta, takan riƙa saki a hankali, ta lanƙwashe ba tare da ido ya lura ba. Zafi yana hanzarta wannan, tsufa kuma yana sa ta bushe ta yi gautsi. Ga kuma yadda ake rufewa: dole a danna murfin ƙasa har ya kwanta, sannan a zame shi gefe ya kama. Mai gaggawa yakan zame shi tun bai gama dannewa ba, sai haƙoran su riƙa gugar bakin ramin, kullum ana cin wani abu daga jikinsu. Ranar da kyamarar ta suɓuce ta faɗi, batura huɗu masu nauyin kusan giram 100 su ke dukan murfin daga ciki a lokaci guda. In haƙorin da ya karye na jikin murfi ne, da sauƙi, ana iya canja murfi. Amma a yawancin ƙananan kyamarori, bakin da haƙorin ke kamawa tare aka zuba shi da gangar jikin kyamarar. In shi ya ɓalle, sai an warware kyamarar gaba ɗaya an canja mata riga, kuɗin aikin kuma ya fi kuɗin kyamarar.

Kafin ya karye ɗungurungum yakan ba da alama, sai dai mutane ba sa gane ta. Kyamara ta mutu daidai lokacin da gilashi ke fitowa, ko ta nuna batir ya ƙare alhali yanzu aka ɓare shi daga leda. Sai a ɗora wa mai tireda laifi, a ce jabu ya sayar. Masu hoton da suka gane bakin zaren sukan tokare murfin da babban yatsa suna ɗauka. Wasu su ɗaure da kyauro, wasu su naɗe da salatif, wanda zafin rana ke narkar da danƙonsa ya bar maiƙo a ko'ina. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta amfani da ramin da ake ɗaura kyamara a kan ƙafa. Ana samun ɗan falen ƙarfe a huda shi, a ɗaure shi da noti a wannan rami, sai a juyo shi ya gitta kan murfin ya danne. Ba kyan gani, amma tana aiki, domin ta mayar da nauyin kan ƙarfe. Sufa gulu kam ba na ba kowa shawararsa. Wurin da ya karye ya yi ƙanƙanta da zai riƙe, tururinsa kuma yana barin farin dusashe a kan gilashi da ƙarafan haɗin wuta.

Abokin gāba na biyu daga cikin batirin kansa yake fitowa. Batirin alkalin yana ɗauke da ruwa mai kaifi, potassium hydroxide. In ya ƙare aka bar shi a ciki, iska takan taru a cikinsa har ta fasa toshiyar gindinsa, ruwan ya tsiyayo. Da ya haɗu da iskar waje sai ya daskare ya zama farin garin nan da ake gani ya lulluɓe sifirin. Yana cinye fentin ƙarfen, tsatsa ta biyo baya, in ya samu hanya kuma ya bi waya ya shiga ciki. Kyamara ko a kashe take tana ɗan tsotsar wuta don riƙe agogonta, saboda haka batirin da aka manta da shi a ciki ƙarewa zai yi ko ba a ɗauki hoto ko ɗaya ba. Haɗa tsohon batir da sabo ya fi muni, domin masu ƙarfin za su tilasta wa mai raunin har ya yoyo. In abin bai yi nisa ba, auduga a kan tsinke da ɗigon ruwan lemon tsami tana narkar da garin, sai a goge a bar wurin ya bushe sarai, a kuma kiyaye ido da hannu. Batura masu araha irin na tocila da rediyo, waɗanda ake yi da zinc da gawayi, nasu labarin daban ne. Ba su da ƙarfin tayar da kyamarar dijital sai na ɗan lokaci, kuma gwangwanin jikinsu shi ne abin da ke cinyewa yayin da suke ba da wuta, don haka hujewa suke yi. Ruwansu mai tsami ne, lemon ba ya yi masa magani. Abin da ya dace da kyamarar AA shi ne batir mai caji na NiMH, musamman irin Eneloop da Sanyo ya fito da shi a 2005, wanda ke riƙe cajinsa watanni a ajiye.

Mafita ta gaskiya daga wani wuri ta zo. A 1991 Sony ya fara sayar da batirin lithium-ion, wanda ƙwaya ɗaya tasa ke ba da volt 3.6 ko 3.7. Masu ƙera kyamara suka samu damar yin batir ƙunshi guda, da siffar da suka ga dama, da bakin haɗin wuta duk a gefe ɗaya. Nan take murfi ya huta da ɗaukar wuta. Sannan suka ƙara wani ɗan abu da na ɗauka a matsayin mafi muhimmancin gyara a tarihin wannan ɗaki: 'yar sakata a ciki, mai kama gindin batir da kanta. Buɗe murfin kyamarar zamani ka gani, batirin ba ya faɗowa. Sai ka ture sakatar da farce sannan sifirin ya turo shi. Ta Nikon ruwan lemo ce, ta Sony shuɗiya, an yi musu launi don ido ya gan su. Da wannan aka raba aikin nan uku. Sakata ta ɗauki nauyi, bakin batir ya ɗauki wuta, murfi ya koma murfi kawai. Siffar batirin ma ta hana a sa shi a juye, abin da ke faruwa da AA a cikin duhu.

Har bakin haɗin wutar sai da aka sake wa fasali. Tsofaffin batura, irin EN-EL3e na Nikon, ƙarafansu a fili suke, mukulli ko tsabar kuɗi a aljihu na iya haɗa su wuta ta tashi. Na bayansa, EN-EL15 da ya zo da D7000 a 2010, ƙarafansa a cikin tsaga suke. A ƙarshen 2011 Nikon ya daina sayar da D700 da D300S a cikin Japan, saboda batirinsu bai cika sababbin sharuɗɗan dokar ƙasar kan kayan lantarki ba. Manyan kyamarori biyu ke nan batir ya fitar daga kasuwar gida.

Ba shakka an yi hasarar wani abu. Batirin kamfani ba a samunsa a tireda, kuma ranar da kamfani ya daina yin sa, kyamarar ta zama marainiya. A nan ne ake gane kamfanin da ya ɗauki siffar ɗakin batir a matsayin alkawari. Canon ya fito da LP-E6 a 2008 tare da EOS 5D Mark II. A 2024, da ya fitar da R5 Mark II, batirinta LP-E6P siffarsu ɗaya da wancan, ko da yake shi LP-E6 na farkon ba ya aiki a sabuwar kyamarar, waɗanda suka biyo bayansa kuma ba sa buɗe dukkan ayyukanta. Mai ɗaukar biki da ya tara batura biyar ko shida ya san abin da wannan ke nufi ga aljihunsa. Sony kuwa da farko ƙanƙanta ya bi. Batirinsa NP-FW50 bai kai mAh 1,100 ba, masu a7 na farko suka riƙa yawo da aljihu cike da batura. A 2017 ya kawo NP-FZ100 mai mAh 2,280, ya kuma faɗaɗa mariƙin kyamarar don ya samu wurin zama. A ma'aunin ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, CIPA, a7 II hoto 350 take yi da caji ɗaya, a7 III ta 2018 kuma 710. Mariƙin da hannunka ke damƙa, ɗakin batir ne aka lulluɓe da roba.

Lithium ma yana da tasa cutar, wato kumburi. Zafi, da tsufa, da barin sa ya ƙare ƙaf na tsawon lokaci suna sa iska ta taru a cikinsa. Ɗakinsa kuwa an auna shi cif, ba a bar sarari ba. Sai wata rana ka ture sakata batir ya ƙi fitowa. A ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, barin jakar kyamara a cikin rufaffiyar mota gayyatar wannan matsala ce. Gwajin mai sauƙi ne: ɗora batirin a kan tebur mai santsi ka murza shi, in ya juya kamar yana da ciki, ya kumbura, ka rabu da shi. In ya riga ya maƙale, a manna masa salatif mai ƙarfi a gindi a jawo a hankali. Kada a kuskura a sa wuƙa ko allura, domin hujajjen batirin lithium yana iya kamawa da wuta.

Akwai wata 'yar matsala da ke tsorata masu kyamarorin Canon EOS ba gaira ba dalili. A jikin murfinsu akwai ɗan tsini mai danna wani ƙaramin makunni, wanda ke gaya wa kyamara cewa an rufe. In tsinin ya karye, kyamara ba za ta ko motsa ba, mai ita ya ɗauka ta ƙone. Sa'ar ita ce a yawancinsu murfin yana cirewa ba tare da sukudireba ba, ta hanyar zame wata 'yar ƙusa mai sifirin a hinjin, domin da ma an yi shi ne don a cire in za a ɗaura ƙarin mariƙi mai ɗaukar batura biyu. A ganina haka ya kamata kowane murfi ya kasance. Abin da aka san zai karye, a yi shi yadda mai kaya zai canja da hannunsa.

Inda har gobe nake ganin ganganci shi ne cusa katin memori a ɗaki ɗaya da batir, kamar yadda ake yi a ƙananan kyamarori. Hakan yana ninka yawan buɗe murfin. Sannan in ramin ƙafa yana kusa da shi, farantin da ake ɗaurawa yakan toshe murfin. Mai ɗaukar taro ko wa'azi da ya daidaita kyamararsa, in kati ya cika sai ya kwance komai, mai magana kuma ba zai jira shi ba.

Batun ƙura da ruwa gajere ne. Kyamarori masu tsada suna da zoben roba mai laushi a kewayen murfin, kuma wasu kamfanoni kan faɗi matsayin kariyar da lambar IP. Kyamarar OM-1 ta 2022 tana da IP53: lambar farko ta ƙura ce, ta biyun ta yayyafi. Olympus TG-6, wadda ake nutsewa da ita har mita 15, murfinta makulli biyu ne da shi, don kada hannu ya goge shi ya buɗe a ruwa. Amma zoben roba ba ya aiki in akwai tsakuwa ko gashi a kansa. Mu da hunturu ke cika mana komai da ƙura, goge bakin murfin kafin rufewa ya fi mana kowace lamba amfani.

Wasu kuma cewa suka yi a kawar da murfin baki ɗaya. A manyan kyamarorin 'yan jarida, irin jerin EOS-1D na Canon, batirin ta gefe ake zura shi, kuma gindinsa shi ne marufin, da maɓallin murzawa. Leica ta tafi da wannan tunani har ƙarshe a SL ta 2015 da Q2 ta 2019. Ana ture wani hannu a ƙasan kyamarar, batir ya leƙo kaɗan ya tsaya, sai an ɗan danna shi ciki sannan ya fito, don kada ya faɗi ƙasa. Zoben robar a jikin batirin yake, saboda haka duk sabon batir da sabon zobe yake zuwa. Ba hinji, ba haƙori. A M11 ta 2022 ma kamfanin ya yar da farantin ƙasa da ya gada tun zamanin fim, ya koma wannan tsari. Ni dai ban ga tsarin da ya fi shi ba. Aibinsa ɗaya, batirin da tsada, ita kanta kyamarar kuma ba ta kowa ba ce.

Me ya sa wannan duka ya shafe mu yanzu? Domin kasuwar ta tsuke. Alƙaluman CIPA sun nuna an fitar da kyamarorin dijital kusan miliyan 121 a 2010, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba, wayar hannu ta cinye ƙananan. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 da za ta tilasta, daga Fabrairun 2027, a riƙa yin kayan lantarki na hannu ta yadda mai su zai iya cire batir ya canja da kansa, amma wannan sababbi ta shafa. Yawancin abin da ke isowa hannun masu hoto a garuruwanmu na hannu ne, ya yi shekaru a wata ƙasa, kuma da yawa kamfanoninsu sun daina yin kayan gyaransu.

Saboda haka in ka je sayen kyamara ta hannu, kafin ka tambayi megafiksel, kifa ta. Buɗe murfin ka rufe sau da yawa, ka ji ko yana kamawa da ƙara ɗaya mai tsabta. Haska tocilar waya cikin ramin ka nemi farin gari, ko kore, ko tsatsa. Ture sakata ka ga ko batir ya fito da kansa. Kunna ta, ka ɗan girgiza, ka ga ko za ta mutu. Alamar danƙon salatif a kewayen murfi ta isa ta sa ka ƙara dubawa. In murfin ne ya tsage, nemi ragi ka saya, ana samun wani. In kuwa bakin da ke jikin kyamarar ne ya ɓalle, mayar wa mai kaya kayarsa, ko nawa ya rage maka.